Yadda Na Kashe Uban Amurkawa Huɗu

Abubuwa da yawa sun faru da ni ina yarinya waɗanda yanzu ko an tuna mini sai in ce ban san zancen ba. Amma wannan ɗaya, muddin ina numfashi, ba zai fita daga kaina ba. Lokacin ina aji shida na firamare a wata makaranta a unguwar Nima. In ka tambayi duk wanda muka yi aji tare wace ce ni, sai ya yi dogon tunani kafin ya ce, "Au, wannan mai zama bakin taga?" Ni ke nan. Ba na magana. In malami ya kira ni sai in ji kamar an sheƙa mini ruwan sanyi a baya. Abin da na iya shi ne kallo. Na san tsagar bangon da ƙadangare ke leƙowa ta cikinta, na san malamar da ke sauya ɗankunne ranar Juma'a, na san wanda ya zo makaranta bai karya ba ko da yana ta dariya.

Abin da ya ƙara mini shiru shi ne sunana na biyu. A wurinmu a Zango, unguwannin masu jin Hausa, sunan da ke bin naka na mahaifinka ne. Kowa a ajinmu haka yake, sai ni kaɗai. Nawa ba sunan babana ba ne, ba na kakana ba, sunan wata ƙabila ce ta arewa. Kullum in ana kiran suna da safe, sai an sami wanda zai rage murya ya ce, "Ke ba ki da uba ne, sai ƙabila guda?" Ban taɓa tambaya a gida ba. Na ɗauka wani abin kunya ne da manya suka rufe.

Wata rana malaminmu na Turanci, wani saurayi ɗan yankin Volta, ya zo mana da labari. Makarantun kewaye za su haɗu a wani babban zaure a Kotobabi, kowace ta yi ɗan gajeren wasa da Turanci a kan shahararrun mutanen wata ƙasa, kuma iyaye za su zo kallo. Mu Amurka ta faɗo mana. Ya zaɓe mu, mu shida, ya ba mu takarda mai hotuna huɗu. Amurkawa ne da suka yi fice, biyu marubuta, biyu masu ƙirƙirar na'urori, kuma duka huɗun sunansu na biyu ɗaya ne. Ba zan kawo sunan a nan ba, don ba shi ne labarin ba. Ya ce mu nuna yadda suna ɗaya ya ɗauki manyan mutane har huɗu. Washegari aka yi masa rasuwa, ya tafi garinsu, kuma kowa ya san makokin can ba a gama shi da wuri. Sai ya bar mu a hannun wadda muke kira Shugaba.

Shugaba 'yar unguwar Maamobi ce, mahaifiyarta na sayar da wake da shinkafa a bakin titi. Muryarta kamar ta yaron motar trotro mai kiran fasinja. Ita ce kuma ƙawata tilo. Ita ke karɓar mini canji in mai sayar da biredi ya yi kamar bai gan ni ba, ita ke ranƙwashin masu tsokanar sunana. Ban san abin da ta gani a jikina ba, amma inuwarta nake bi.

Ta dubi takardar nan, ta tafa hannu. "Kai! Wannan uba ya haifu! 'Ya'ya huɗu, babu na yarwa."

Wata a cikinmu ta ce, "Amma ai biyu farare ne, biyu baƙaƙe."

"To sai me? Mata biyu ya aura, ɗaya Baturiya, ɗaya irinmu. Ba ku ga 'ya'yan Alhajin layinmu ba, kowane ɗaki da kalarsa?"

Muka yi dariya, muka yarda. Yanzu in na tuna, ban ga laifinmu ba. Abin da muka tashi muka gani ke nan: in mutum huɗu suna da suna na biyu iri ɗaya, kuma an jera su a takarda ɗaya, ai uba ɗaya ne ya haife su.

Nan take Shugaba ta tsara wasan. Ita ce uban. Za ta zauna a kujera, 'ya'yan su riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna durƙusawa, wannan ya nuna littafin da ya rubuta, wancan ya nuna na'urar da ya ƙera, uba yana sa albarka. Ta aro babbar rigar babanta, mahaifiyarta ta haɗa mata gemu da auduga. Ni kuwa aka manna hotunan a kwali aka ba ni. "Ke ba sai kin ce komai ba," in ji ta. "In an kira mutum, ki ɗaga hotonsa kawai." Na ji daɗi har raina.

Kafin a jima zancen ya zaga lungu. Masu sayen wake da shinkafa duk sun ji labarin bawan Allah na Amurka da ya haifi marubuta da masu ƙira. Har na ji wata tsohuwa a bakin famfo tana cewa Allah ya ba mu zuri'a irin tasa.

To amma wanda aka ba riƙon hoto shi ne ya fi kowa ganin hoton. Kullum in ana gwaji, su suna haddar magana, ni ina kallon fuskokin nan huɗu. Sai na fara lura da wasu abubuwa. Marubuciyar, wata Baturiya mai riga har wuya, gashin tsuntsu ne a hannunta a madadin biro, ga kyandir a gefenta. Marubucin baƙin kuwa akwai agogo a hannunsa, akwai tarho a kan teburinsa, kuma ta tagar bayansa ana hango goshin mota. Shi kuma Baturen mai ƙira, da na matso da shi kusa da idona, sai na ga ba hoto ba ne ma. Zane ne, layi-layi kamar da alƙalami aka yi shi. Me zai sa a zana wa, a ɗauki ƙane da kyamara? Wane irin gida ne wannan, ɗaki ɗaya kyandir, ɗaki ɗaya tarho?

Na kai wa yayata, wadda ke sakandare kuma tana da waya. Ta rubuta sunayen ɗaya bayan ɗaya tana karantawa. Tsakanin haihuwar na farko da na ƙarshe ya haura shekara ɗari nesa ba kusa ba. Kowanne da garinsu, kowanne da ubansa. Da na gaya mata abin da muka shirya, ta yi dariya har ta kwanta a tabarma.

"Haka za ku je Kotobabi ku yi? Kai, yaran makarantun kuɗi za su cinye ku da dariya. Dama cewa suke 'yan Nima ba mu iya komai ba sai faɗa."

Na kwashe kwalayena na koma gefe. Na hango Shugaba da gemun auduga a tsakiyar zaure, mahaifiyarta a cikin 'yan kallo ta ci ado, ana nuna su da yatsa. In na yi shiru, abin da zai faru ke nan. In kuma na yi magana, zan rushe abin da ƙawata tilo ta gina, kuma ta riga ta gaya wa duniya.

Na yi niyyar gaya mata da safe a wurin abincin mahaifiyarta. Ina isa, matar ta zuba mini wake da shinkafa, ta ƙara taliya da shito, miyar barkonon nan tamu, ta ce, "Kin ga gemun da na yi wa ƙawarki? Ya yi kyau sosai paa! Ranar nan rufe tukunya zan yi in zo." Sai na haɗiye maganar tare da shinkafar.

Da la'asar na koma gida, na tarar da kakana a kan bencinsa na ƙofar gida, rediyo a gefe, yana yanka goro da 'yar wuƙarsa. Tsohon ɗan sanda ne, ido gare shi kamar nawa.

"Amarya, wa ya taɓa mini ke? Ko kin sami saurayi ne kina tunanin yadda za ki rabu da ni?"

Ban yi dariya ba. Na zauna, na shimfiɗa masa kwalayen a cinya, na ba shi labari tun daga farko. Sannan na ce, "Kaka, yaya mutane za su yi suna ɗaya, ba uba ɗaya ba?"

Ya dube ni. "Ke ce mai wannan tambaya? Ke da amsar take rubuce a bayan kowane littafinki?"

Ya ajiye goron. Ya ce mahaifinsa da ƙafa ya sauko daga arewa yana saurayi, ya shiga aikin soja zamanin Turawa. Ranar ɗauka Bature ya tambaye shi sunansa, ya faɗa. To masu irin sunan sun riga sun cika bariki. Sai Bature ya ce da tafinta ya tambaye shi mutumin ina ne. Abin da tafinta ya faɗa, shi aka rubuta. Duk wanda ya fito ta wannan wajen, haka aka yi masa. Akwai ma wanda ba ɗan ƙabilar ba ne, hanya ce kawai ta haɗa su, shi ma aka liƙa masa.

"Kin san tsohon nan na unguwar Zongo Lane da ke zuwa mana duk wani suna da jana'iza?"

Na ce, "Ɗan'uwanka."

"Ko ɗigon jini ba mu haɗa ba. Ubansa da ubana a layi ɗaya suka tsaya ran nan, shi ke nan. Amma ki je ki gaya masa ba ɗan'uwana ba ne, ki ga in bai bi ki da sanda ba."

Sai ya ɗauki hoton marubucin baƙin, ya kai shi nesa da idonsa yadda tsofaffi ke yi. Ya ce su Turawa sunan gida suke gada, yana bin zuri'a har a manta inda ya faro, gidaje da yawa su yi tarayya a kansa ba su san juna ba. Su kuma baƙaƙen can, da yawansu sunan mutanen da suka mallaki kakanninsu ne ya bi su. "Daga gaɓar tekun nan tamu aka kwashe wasunsu. Mu an rubuta mana da alƙalami, su an ɗora musu da sarƙa. Amma dubi wannan, ya ɗauki sunan ya sa a bayan littafi. Yanzu in an faɗi sunan, wa ake tunawa, shi ko wanda ya mallaki kakansa?"

Na ce, "Kaka, ni na ɗauka sunanmu abin kunya ne."

Ya tsuke fuska. "Je ki kasuwar Malam Atta ki ga buhu. Wani ne ke ɗinka shi, wani ya buga masa tambari. Amma mai saye ba tambarin yake ci ba, hannu yake zurawa ya ga abin da ke ciki. Ubana ya zuba nasa, na zuba nawa. Saura ke."

Washegari muna gwaji a wani kango bayan makaranta. Shugaba ta hakimce a kan bulo, ta manna gemu, ta kira 'yarta ta fari. Maimakon in ɗaga hoton, sai na sauke shi ƙasa.

"Ke, barci kike?"

Na ce, "Ba ubansu ɗaya ba." Ni kaina da ƙyar na ji muryata.

"Me kika ce?"

Na maimaita. Na nuna musu kyandir, na nuna agogo, na nuna zanen. Na faɗi abin da wayar yayata ta nuna. Shugaba ta miƙe, rigar babanta na jan ƙasa.

"Ke da ba kya magana, yau da Allah ya buɗe bakinki sai ki rushe mini gida? Tun yaushe kika sani?"

Na sunkuyar da kai. Ta fizge kwalayen, ta duba da kanta, ta daɗe a kan zanen nan. Na san ba fushi kaɗai ke damunta ba. Tana tuna duk mutanen da ta gaya wa. Ta jefar da gemun, ta tafi, ba ta ko waiwaya ba. Ranar ni kaɗai na bi lungu zuwa gida, kuma ban taɓa sanin hanyar na da tsawo haka ba.

Da safe sai ga ta a ƙofar gidanmu, ta gaida Kaka, ta ce in fito. Ba ta yi mini murmushi ba.

"Na yi tunani. Gemun nan uwata ta ɓata audugarta a kansa, sai na sa shi. Wasan yana nan yadda yake. Amma tunda ke kika kashe uban, ke za ki yi masa jana'iza. A gaban mutane."

Dabararta ita ce uba ya fito ya yi ta fahariya da 'ya'yansa kamar da, sannan mai riƙon hoto ta tsayar da shi, ta tona asirinsa, ta kuma bayyana yadda ake samun suna ɗaya ba jini ɗaya ba. Na ce ba zan iya ba. Ta ce, "Da kika iya jiya, aro kika yi?" Kaka yana kan benci yana ji, ya yi kamar rediyo yake gyarawa. Malaminmu ya dawo ana gobe za a yi, ya kalli gwajin, ya yi dariya har da share hawaye, ya gyara mini Turancina, ya ce kada mu taɓa komai.

Ranar, zauren ya cika. Yaran wasu makarantu sun zo da kayan wasa na haya, takalmansu na ƙyalli. Da aka kira mu, Shugaba ta fito tana dogara sanda, ta zauna, ta fara kiran 'ya'yanta. Na ɗaga hoto na farko, na biyu. A na uku na fara jin dariyar da nake tsoro, irin wadda ake yi ta hanci. Wani yaro a layin gaba ya ce da Turanci, yadda kowa zai ji, "Sun ɗauka 'yan'uwa ne!" Na ga mahaifiyar Shugaba ta waiwaya tana neman abin da ake wa dariya.

Lokacina ya yi. Na taka zuwa gaba, na buɗe baki, sai na tarar Turancin nan duk ya gudu. Ko kalma ɗaya ba ta rage ba. Ina cikin haka idona ya faɗa kan Kaka, cikin farar rigarsa ta Juma'a, ga tsohon Zongo Lane a gefensa. Bai yi mini alama ba, goro kawai yake tauna yana jira. Sai na juya wajen Shugaba, na ce da Hausa, da ƙarfin da ban san ina da shi ba:

"Baba, shekararka nawa a duniya?"

Iyayenmu na Zango suka kwashe da dariya. Shugaba kuwa ko gezau. Ta shafa gemu, ta dubi jama'a, ta ce da Turanci, "Wannan yarinya marar kunya tana tambayar shekaruna!" Daga nan ta zama tafintata. Ina ɗaga hoto ina nuna kyandir da Hausa, tana juyawa da Turanci tana kare kanta. Na nuna tarho, ta ce ai ɗan autanta ne, zamani ya riske shi. Na nuna zanen, na ce an yi shi tun ba a san kyamara ba, ta fara ƙirga da yatsu tana zare ido. Da ta ga ƙirgen ya fi ƙarfin yatsunta, sai ta cire gemun ta ɗaga sama, ta ce, "To wallahi ba ni na haife su ba!" Zauren ya ɗauka gaba ɗaya. Dariya ce, amma ba irin ta farko ba. Yaron layin gaba har da buga ƙafa.

Ban san lokacin da Turancina ya dawo ba. Na ji kawai ina magana, Shugaba ta ja da baya ta bar ni. Na ce mu a Zango sunan uba muke ɗauka, shi ya sa muka fara ganin mutanen nan haka. Na faɗi yadda farare biyun suka gaji nasu, da yadda mai yiwuwa baƙaƙe biyun suka sami nasu. Na ce kowannensu da aikin hannunsa ya cika sunan, ba da jinin ɗan'uwansa ba. Sannan na ba da labarin saurayin da ya sauko daga arewa da ƙafa, da Baturen da ya rubuta abin da tafinta ya faɗa. A ƙarshe na yi abin da ba ya cikin gwaji. Na faɗi sunana cikakke, na farko da na biyu, a fili.

Kaka ya miƙe. Ya haɗa ƙafafu, ya ɗaga hannu ya sara, yadda ake yi a fareti. Tsohon Zongo Lane ya dafa sandarsa shi ma ya tashi ya sara. Sai wata mata mai goyo a can baya ta miƙe, sai wani malamin wata makaranta da ban taɓa gani ba. Daga baya na ji su ma sunayen bariki suke ɗauke da su, kowanne da ƙabilar da aka rubuta wa kakansa. Ba su san juna ba. Suka tsaya a tsaye har aka gama tafi.

Ba mu muka zo na ɗaya ba, wata makaranta ce da ta yi rawa da ganguna. Ban damu ba, har yau ban damu ba. A hanyar komawa Shugaba ta rataya hannu a wuyana ta ce, "Daga yau ke za ki riƙa karɓar canjinki da kanki." Mahaifiyarta kuwa ta daɗe tana gaya wa masu sayen abinci cewa uban Amurkawan nan ya rasu a Kotobabi, a gaban idonta. Ranar Litinin da aka kira sunana a aji, na amsa har malami ya ɗago kai. Wanda ya saba tsokanata ya buɗe baki, ya dubi Shugaba, ya dube ni, ya rufe.

Kaka ya rasu ina sakandare. Tsohon Zongo Lane ne ya zauna a kan bencinsa yana karɓar gaisuwa, kuma babu wanda ya tambayi me ya haɗa su.

Har yanzu ni mai shiru ce, kuma har yanzu kallo na fi iyawa. Amma ranar nan ta koya mini cewa abin da ido ya gani, in baki ya ɓoye shi, bai tsare mutuncin kowa ba, ko da na wanda kake so ne. Ta kuma koya mini cewa ba a tambayar mutum ina ya samo sunansa kafin a girmama shi. Wani ya gada, wani an rubuta masa, wani an ɗora masa. Buhun dai an riga an miƙo maka. Ni nawa ina nan ina zubawa.